An Mayar Da Tarihi Makarantu, Saura Aikin Koyar Da Shi

Cikin watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwa cewa tarihin Nijeriya ya zama darasi na tilas ga kowane yaro, tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Wannan labari ya faranta wa mutane da yawa rai, musamman malaman jami'o'i da Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, waɗanda suka daɗe suna kai gwauro suna kai mari a kan maganar. Amma fa ba wannan ne karo na farko da aka yi irin wannan alkawari ba. An yi shi cikin 2018, aka sake yin bikin mayar da darasin cikin Nuwamba 2022, ga shi kuma an sake maimaitawa. Maimaitawar nan kaɗai ta isa ta nuna wa mai karatu cewa rubuta umarni a takarda abu ne mai sauƙi, wuyar aikin tana can cikin aji.

Asalin maganar shi ne, da aka sake tsarin karatun shekara tara na farko cikin 2007, sai aka ɗauke tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare, aka fara aiki da wannan daga shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010. Ɗan abin da ya rage aka cusa shi cikin darasin zaman jama'a. Dalilan da aka bayar su ne wai ɗalibai suna gudunsa, wai wanda ya karanta shi ba ya samun aiki, wai kuma malamansa sun yi ƙaranci. Yaron da ya shiga aji ɗaya cikin 2009 yana ɗan shekara shida, yau ya wuce shekara ashirin. Ya isa jefa ƙuri'a, watakila ma ya kama aikin gwamnati, alhali kuwa bai taɓa zama a aji an karanta masa yadda aka haɗa Kudu da Arewa cikin 1914 ba.

GADON DA MUKA TARAR

Abin takaici a nan shi ne, ƙasar da ta yi wannan sakaci ba baƙuwa ba ce wajen rubuta tarihi. Tun cikin ƙarni na 16 Limamin Barno, Ahmad bin Fartuwa, ya rubuta labarin mulkin Mai Idris Aloma da yaƙe-yaƙensa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri cikin 1812, baffansa Abdullahin Gwandu kuma ya rubuta Tazyinul Waraƙati cikin 1813. Akwai kuma littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jero su tun daga Bagauda, ya faɗi abin da kowane ya yi a zamaninsa. H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci cikin 1908, daga baya kuma aka sa fassararsa ta Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu wanda aka buga a Zariya.

Duk da wannan gado, har cikin 1963 wani shaihin malami na Jami'ar Okusfod, Hugh Trevor-Roper, yana da'awar cewa Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, sai dai labarin Turawan da suka shigo ta. Malamanmu ba su tsaya cacar baki da irin waɗannan ba, aiki suka duƙufa a kai. Kenneth Dike ya yi tsaye har aka kafa gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa cikin 1954, wanda ke da rassa a Badun da Inugu da Kaduna, aka kuma kafa Ƙungiyar Masana Tarihi cikin 1955. A Arewa kuwa Abdullahi Smith ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, sa'an nan cikin 1970 aka mayar da gidan marigayi Sardauna na Kaduna cibiyar bincike, watau Arewa House. Daga wannan makaranta ta Zariya ne aka sami irin su Yusufu Bala Usman, wanda littafinsa a kan ƙasar Katsina ya fito cikin 1981. Saboda haka kayan aiki akwai su. Abin da ya yanke shi ne igiyar da ta haɗa binciken jami'a da allon makarantar ƙauye.

WAHALOLIN DA KE GABAN MALAMI

Wahala ta farko ita ce ta malamai. Darasin da aka daina koyarwa, ba wanda zai ɓata shekarunsa a kwalejin horon malamai yana koyonsa. Cikin 2022 hukuma ta ce ta zaɓi malamai 3,700 don horo na farko, watau ɗari daga kowace jiha da Abuja. In aka raba su ga ƙananan hukumomi 774, kowace ba za ta sami biyar cikakku ba, ga shi kuwa akwai ƙaramar hukumar da makarantunta na firamare suka wuce ɗari. In ba a ƙara himma ba, abin da zai faru sananne ne: shugaban makaranta zai miƙa littafin ga duk malamin da ba shi da aiki a wannan sa'a, shi kuwa ya kwafa a allo, yara su kwafa a littafi.

Daga nan wahala ta biyu take tasowa, watau mayar da tarihi hadda. Ɗalibi zai iya zubo maka cewa Muhammadu Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, amma in ka tambaye shi ina aka samo waɗannan shekaru sai ya yi shiru. Ba wanda ya gaya masa cewa littafin tarihin Kano tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, Palmer ne ya yi lissafi da baya da baya har ya kai ga shekarun da muke haddacewa, kuma littafin bai ambaci sunan mawallafinsa ba. Wannan bayani ba ya rage darajar littafin ko kaɗan. Koya wa yaro yake yi ya riƙa tambayar wa ya faɗi magana, yaushe ya faɗe ta, kuma me ya sa. A wannan zamani da kowace jita-jita ke shiga aljihun mutum ta wayar hannu, da wuya a sami wata tarbiyyar da ta fi wannan amfani.

Ɗauki labarin Bayajida alal misali. Kowa ya san shi: baƙo ya zo daga Bagadaza, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri Sarauniyar Daura, daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai. Malami mai basira ba zai ce da yara ƙarya ne ba, ba zai kuma ce su hadiye shi ɗungum ba. Zai tambaye su: da baƙon ya iso, wa ya tarar? Ai labarin da kansa ya ce ya tarar da gari da rijiya da sarauniya, har da maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa. Ashe ke nan mutane suna nan da sarautarsu da sana'arsu kafin zuwansa, kuma binciken da aka yi a Dutsen Dala ya nuna ana narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Sa'an nan malamin ya tuna cewa a ajinsa akwai ɗan Nupe da ɗan Gwari da Bazamfare da Bakabe, waɗanda labarin ya kira kakanninsu Banza Bakwai. Tilas ya bayyana musu cewa wannan laƙabi ra'ayin masu ba da labarin ne, ba hukuncin tarihi ba.

Wahala ta uku ta fi duka nauyi, ita ce ta al'amuran da har yanzu suke sosa rai. Jihadin 1804 yana da fuskar da ake ba da shi a Sakkwato da Gwandu, yana kuma da fuskar da ake ba da shi a Argungu da Suleja da Maraɗi da Tsibirin Gobir, inda zuriyar sarakunan da aka kora suka kafa sababbin garuruwa. Haka kuma batun bauta da cinikin bayi, wanda sau da yawa akan yi masa tsallake. Ga kuma 1966: kisan Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da manyan hafsoshi ran 15 ga Janairu, juyin mulkin ramuwa na Yuli, kashe-kashen 'yan kabilar Ibo a garuruwan Arewa, sa'an nan yaƙin basasa daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970 da yunwar da ta hallaka yara ba adadi. Wasu dattawa sukan ce a bar kaza cikin gashinta, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Tsoronsu yana da dalili, gama mugun malami yana iya mayar da aji wurin hura wutar gaba. Amma shirun makaranta bai hana yara jin labarin ba. Suna ji a gida da dandali da waya, kowane yana jin rabin da ya shafi nasa, babu mai gaya masa ɗaya rabin.

Magabatanmu ma ba haka suka yi ba. Lokacin da Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana ƙalubalantar hujjar yaƙar Barno, Muhammadu Bello ya ba shi amsa, ya kuma sa wasiƙun abokin jayayyarsa cikin littafinsa tare da nasa, har suka iso gare mu. In shugaban da ke tsakiyar rigima ya iya adana hujjar wanda ke suka tasa, malamin da ya zo bayan shekara 200 ba shi da uzurin ɓoye wa ɗalibansa ɗaya ɓangaren.

Ta huɗu ita ce lalacewar shaidu. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, an ci wurare da yawa nata da gine-gine da haƙar ƙasa. Littattafan Larabci da na ajami suna nan jibge a zaurukan malamai, gara da ɗigar ruwa suna cinsu. Tsofaffin da suka ga zamanin En'e da idonsu kuwa kullum raguwa suke yi.

AMFANINSA GA MA'AIKACI

Mai yiwuwa ma'aikacin ofis ya ce wannan duk maganar malamai da ɗalibai ce. To, ga misalai uku. Cikin Disamba 1980 rikicin Maitatsine ya tashi a Kano, mutum fiye da 4,000 suka hallaka. Aka kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Aniagolu, ta yi aikinta ta miƙa rahoto. Duk da haka wutar ta sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri cikin 1982, da Jimeta cikin 1984, da Gombe cikin 1985. Da abin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri cikin 2009, mutane da yawa suka yi ta mamaki kamar ba a taɓa ganin makamancinsa ba. Ƙungiyoyin biyu ba ɗaya ba ne, amma tarin matasa marasa aikin yi, da wa'azin da ba mai sa masa ido, da jinkirin hukuma har sai abu ya gagara, duk an gan su tun farko.

Na biyu, madatsar ruwa ta Bagauda ta fashe cikin 1988. Ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri cikin 1994, bayan shekara 30 kuma, cikin Satumba 2024, ya sake mamaye ta, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Na uku, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Masu binciken da suka bi takardun wannan zamani sun nuna cewa ba ƙarancin ruwan sama kaɗai ya kashe mutane ba, har da karɓar haraji da tsabar kuɗi, wanda ya sa talaka ya sayar da hatsinsa, fari ya zo ya tarar da rumbu wayam. Duk jami'in gona ko na kuɗi da ya san wannan, zai yi tunani sau biyu kafin ya matsa wa manomi a shekarar da damina ta yi gardama.

Tarihi ba duba ba ne, ba zai gaya wa kowa ranar da madatsa za ta fashe ba. Abin da yake yi shi ne ya nuna wa mutum inda na gabansa suka yi tuntuɓe. Kowane fayil da ke cikin ofis ɗan ƙaramin littafin tarihi ne, kuma ma'aikacin da ya rubuta shawara bai karanta shafukan baya ba, ya yi daidai da matafiyin da ya ƙi tambayar waɗanda suka dawo daga hanyar.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko dai jihohi su ɗauki waɗanda suka karanta tarihi aiki, su kuma ba ɗaliban kwalejojin horon malamai tallafi don su koma wa fannin. Na biyu, a fara wa yaro da abin da ke kusa da shi, cikin harshen da yake ji. Ɗan Katsina ya je ya ga hasumiyar Gobarau, ɗan Kano ya shiga Gidan Makama, ɗan Yobe ya ji labarin kwalekwalen Dufuna da aka tono cikin 1987, wanda ya kai shekara wajen 8,000, ɗan kudancin Kaduna ya san mutum-mutumin Nok. Daga nan a faɗaɗa masa zuwa maƙwabta, da ƙasa baki ɗaya, da Afirka. Na uku, masu shirya jarrabawa su rage tambayar wace shekara, su yawaita tambayar me ya jawo, gama abin da ake tambaya a jarrabawa shi malami yake koyarwa. Na huɗu, a aika ɗaliban sakandare su zauna da tsofaffin unguwarsu su rubuto abin da suka ji, a ajiye a makaranta. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi, littafin rubutu da alƙalami sun isa.

Ma'aikatun gwamnati kuma suna da nasu rabon. Su riƙa miƙa tsofaffin takardunsu ga gidan ajiya maimakon barinsu a sito ruwa yana dukansu, a kuma buga rahotannin hukumomin bincike a sa su inda ɗalibi zai iya karantawa. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma sai an bar wa mai waiwayen abin da zai gani. An riga an yi asarar shekaru fiye da goma, kuma yaran da suka shiga aji ɗaya bana ba za su tsaya jiran sanarwa ta huɗu ba.