Matsalar Barci Bayan Tsayawar Zuciya

Hausawa kan ce barci ƙanin mutuwa ne. Ga wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa aka farfaɗo da shi, wannan zance ya wuce azanci. Da zarar zuciya ta daina harba jini, ƙwaƙwalwa kan fara illatuwa cikin 'yan mintoci. Bayan sallama daga asibiti, da dama kan yi fama da rashin barci, da munanan mafarkai, da fargabar zuciyar ta sake tsayawa cikin dare. Wannan kan ƙara gajiya da mantuwa da ƙuncin rai. Shi ya sa a 2021 ƙa'idojin likitocin Turai suka nemi a sake duba irin waɗannan majiyyata cikin wata 3 da sallama.