Likita a Barnawa, majinyaci a Kajuru

Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, kudu da kogin Kaduna, yana karɓar marasa lafiya daga Kachia, Kajuru, Gwagwada, har da jihohin maƙwabta. Da yawansu tsofaffin majinyata ne, mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali da ya samu sauƙi, ya zo a sabunta masa magani. Ganawar ta 'yan mintoci ce, amma takan cinye wuni guda da kuɗin motar mutum biyu, tunda ba a barin irin wannan majinyaci ya yi tafiya shi kaɗai. Ranar da kuɗin mota ya gagara, magani ya yanke, ciwo kuma ya dawo.

A ganina, nan ya kamata a fara duba marasa lafiya ta waya a Jihar Kaduna. Aikin likitan ƙwaƙwalwa galibi tambaya ce da sauraro, ga shi ƙwararrun wannan fanni ba su kai 300 ba a duk Nijeriya.

Sai dai shirin daga ƙauye zai soma. Jihar na da mazaɓu 255, kuma gwamnati ta ɗauki manufar gyara asibitin sha-ka-tafi ɗaya a kowace. Malamin asibitin da ke can shi ne idon likita da hannunsa: shi zai auna hawan jini, ya lura da rawar hannu, ya fassara Adara ko Gbagyi in Hausa ta gaza. Yana buƙatar horo, da wutar sola, da ɗaki mai ƙofa, domin ciwon ƙwaƙwalwa abu ne da iyali ke ɓoyewa, kuma ba wanda zai faɗi sirrinsa a baranda.

Kada kuma a dogara da bidiyo. A ƙarshen Satumbar 2021 an katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda 'yan bindiga, aka yi kusan wata biyu a haka. Dole a tanadi kiran murya, da katin majinyaci na takarda, da umarnin abin da malamin asibiti zai yi in sabis ya ɗauke.

Saura magani. Tun 2022 jiragen Zipline marasa matuƙi ke kai magunguna da alluran rigakafi daga Pambegua. In aka sa magungunan farfaɗiya cikin jerin kayan da ake kaiwa ƙananan asibitoci, abin da likita ya rubuta a Barnawa sai majinyaci ya karɓa a garinsu.