Yadda Alawus ɗin Gida Ya Kai Tsohon Ministan Birtaniya Kurkuku

A ranar 20 ga watan Mayu na shekarar 2011 wata kotu a birnin Landan ta yanke wa Mista Elliot Morley hukuncin ɗaurin wata 16 a gidan yari, bayan da ya amsa laifin shigar da lissafin ƙarya domin karɓar kuɗi fiye da Fam 30,000 daga asusun Majalisar Wakilai ta Birtaniya. Mista Morley ya wakilci yankin Scunthorpe a ƙarƙashin Jam'iyyar Leba tun daga 1987 har zuwa 2010, kuma shi ne tsohon minista na farko da aka ɗaure a sakamakon badaƙalar alawus-alawus da ta girgiza majalisar a 2009.

Kowane ɗan majalisa a ƙasar yana barin kundi iri biyu a bayansa: na ƙuri'un da ya kaɗa, da na kuɗin da ya nema a biya shi. Na farkon a buɗe yake tun da daɗewa. Idan aka zo raba gardama a kan wani ƙuduri, wakilai sukan fita daga zauren su bi ta ɗaya daga cikin farfajiyoyi biyu, ta masu goyon baya ko ta masu adawa, a rubuta sunan kowa, sa'an nan a buga sunayen a kundin zaman majalisa da ake kira Hansard.

Wanda ya bi diddigin Mista Morley ta wannan kundi ba zai ga abin zargi ba. Malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Da Leba ta karɓi mulki a 1997 aka ba shi ƙaramin minista mai kula da harkar kamun kifi, daga 2003 zuwa 2006 kuma ya riƙe muƙamin ministan muhalli. An san shi da fafutukar kare dabbobi da tsuntsaye da kuma batun sauyin yanayi, har ya zama shugaban kwamitin majalisa mai kula da makamashi da sauyin yanayi. Sai dai ƙuri'ar minista ba ta cika bayyana ra'ayinsa na ƙashin kansa ba, domin bisa al'adar mulkin Birtaniya duk mai riƙe da muƙamin gwamnati wajibi ne ya bi matsayinta ko ya ajiye aiki. A lokacin muhawarar yaƙin Iraƙi a watan Maris na 2003 Mista Robin Cook ya zaɓi ya sauka, Mista Morley kuwa ya ci gaba da zama a gwamnati.

Kundi na biyu, wato na kuɗi, shi ne ya daɗe a rufe. Tun 1971 aka ƙirƙiro wani alawus domin wakilan da mazaɓunsu ke wajen tsakiyar Landan, saboda aikin yana tilasta masu riƙe muhalli biyu. A shekarar kuɗi ta 2008 zuwa 2009 iyakar wannan alawus ta kai Fam 24,006, a lokacin da albashin ɗan majalisa bai kai Fam 65,000 ba. Ke nan alawus guda ɗaya ya zarce sulusin albashi, kuma ba a cire masa haraji. Gwamnatoci sun sha jin nauyin ƙara wa 'yan majalisa albashi a bainar jama'a, don haka aka bar alawus ya yi ta kumbura a bayan fage, har wakilai da dama suka ɗauke shi tamkar wani ɓangare na albashinsu wanda ba a barin ko kwabo a cikinsa.

Ƙa'idojin biyan ma sakwa-sakwa ne. Kafin 2008 ba a neman rasit ga abin da bai kai Fam 250 ba, kuma ana iya karɓar har Fam 400 a wata na abinci. Ma'aikatan ofishin biyan kuɗi a ƙarƙashin majalisar suke, wato suna tantance takardun mutanen da ke da iko a kansu. Babu wani kamfani mai rajista da mai binciken kuɗinsa zai sa hannu a kan irin wannan tsari.

Game da gidan da aka saya da rancen banki, ƙa'ida ta ce kuɗin ruwa kaɗai za a mayar wa ɗan majalisa, ban da uwar kuɗi. Dalilin a fili yake: kuɗin ruwa tsadar zama ne a gidan, kamar haya, amma biyan uwar kuɗi yana ƙara wa mai gida dukiya ne, kuma ba aikin mai biyan haraji ba ne ya saya wa wakilinsa kadara. Wani abin lura shi ne cewa kuɗin ruwa yana raguwa gwargwadon yadda bashi ke raguwa. Saboda haka adadin da ya tsaya cik wata bayan wata, shekara bayan shekara, ya isa ya sa mai lissafi ya ɗaga gira.

Hakan ne ya faru a takardun Mista Morley. Ya riƙa neman Fam 800 a kowane wata a kan gidansa da ke Winterton kusa da Scunthorpe. An shaida wa kotu cewa tsakanin 2004 da farkon 2006 ya karɓi Fam 15,200, alhali abin da ya cancanta bai wuce Fam 1,572 ba. Daga watan Maris na 2006 kuma ya gama biyan bashin ɗungurungum, amma ya ci gaba da karɓar Fam 800 har zuwa watan Nuwamba na 2007, wato wata 21, wanda ya ba da Fam 16,800. In an haɗa duka aka cire haƙƙinsa, abin da ya rage Fam 30,428 ne. Da asiri ya tonu ya ce sakaci ne wajen lissafi, ya kuma mayar da kuɗi, amma alƙali bai karɓi wannan uzuri ba.

Wurin da kundin biyu suka haɗu shi ne ƙuri'un da majalisar ta kaɗa a kan alawus ɗin kanta. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ta fara aiki sosai a watan Janairu na 2005, nan da nan 'yan jarida, ciki har da Heather Brooke, suka nemi a ba su cikakken bayanin abin da wakilai ke karɓa. A watan Mayu na 2007 Majalisar Wakilai ta amince, da ƙuri'a 96 a kan 25, da ƙudurin da Mista David Maclean na Jam'iyyar Kwanzabatib ya gabatar don a tsame majalisar daga wannan doka. Ƙudurin ya mutu ne saboda ba a sami mai ɗaukar nauyinsa a Majalisar Dattijai ba. A watan Mayu na 2008 Babbar Kotu ta ba da umurnin a saki bayanan. Duk da haka a watan Yuli na wannan shekarar wakilai suka ƙi amincewa da shawarar a kawo masu bincike daga waje, da ƙuri'a 172 a kan 144. A watan Janairu na 2009 gwamnati ta sake yunƙurin ɓoye takardun, ta janye bayan an yi mata ca.

Ana cikin wannan jan ƙafa ne jaridar Daily Telegraph ta sami kwafin takardun ba tare da an goge kome ba, ta fara buga su a ranar 8 ga watan Mayu na 2009. Hankalin jama'a ya fi karkata ga abubuwan ban dariya, kamar ɗakin agwagi na Fam 1,645 da Sa Peter Viggers ya shigar, wanda ma ba a biya ba. Amma kuɗin gaske suna wajen gidaje. Kakakin majalisa Mista Michael Martin ya sauka a watan Yuni, abin da ba a taɓa tilasta wa mai wannan kujera ba tun 1695. Binciken da Sa Thomas Legg ya gudanar a kan takardun 2004 zuwa 2009 ya nemi wakilai kimanin 390, masu ci da tsofaffi, su mayar da kusan Fam miliyan 1.12, binciken shi kansa ya ci Fam miliyan 1.16.

Da aka gurfanar da Mista Morley a 2010 tare da Mista David Chaytor da Mista Jim Devine, lauyoyinsu sun ce kotu ba ta da hurumi, suna kafa hujja da dokar 1689 wadda ta hana a tuhumi ɗan majalisa a kan abin da ya faɗa ko ya yi cikin zaman majalisa. A watan Nuwamba na 2010 Kotun Ƙoli, da alƙalai tara, ta yi watsi da wannan hujja baki ɗaya. Matsayinta shi ne cewa rigar kariyar ta rufe jawabi da ƙuri'a da aikin kwamiti, amma cika takardar neman kuɗi harkar gudanarwa ce da dokar laifuffuka ta shafa kamar ta kowane ma'aikaci. An ɗaure Mista Chaytor wata 18, Mista Devine wata 16. Mista Morley ya fito a watan Satumba na 2011 bayan ya yi wata huɗu, an kuma cire sunansa daga Majalisar Mashawartan Sarauniya.

Dokar da aka zartar a 2009 ta kafa hukuma mai zaman kanta, IPSA, wadda ta karɓi ragamar biyan alawus daga watan Mayu na 2010, daga baya kuma aka ɗora mata tsayar da albashi. Ta soke biyan kuɗin ruwa na rancen gida, ta koma ga haya da kuɗin masauki, kuma tana buga abin da kowane wakili ya nema ga duk mai son dubawa. Wakilai sun yi ta ƙorafin cewa tsarin yana da tsada da ɓata lokaci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin tantance ƙananan rasit yana cin kuɗi.

A 2015 aka ƙara wata doka da ta bai wa masu zaɓe damar yi wa wakilinsu kiranye idan kotu ta same shi da laifin ƙarya a takardar alawus, muddin kashi 10 cikin ɗari na masu rajista a mazaɓar suka sa hannu. An yi amfani da wannan sashe a 2019, lokacin da Mista Chris Davies na mazaɓar Brecon da Radnorshire a yankin Wales ya rasa kujerarsa a kan takardun biya na jabu da jimillarsu ta kama Fam 700.