BABI NA UKU: MATSALAR AUNA FAƊIN TSARON MACAFI A WASAN BESBOL

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake buga wasan besbol a ƙasar Amurka, tare da fayyace aikin kowane ɗaya daga cikin 'yan wasa tara da ke tsaron fili. A wannan babi kuwa, za a duba hanyoyin da masana ƙididdiga suka bi wajen auna faɗin tsaron macafi, wato ɗan wasan nan da ke tsugune a bayan mabugi yana cafe ƙwallon da majefi ya jefo. Abin da ake nufi da faɗin tsaro shi ne iyakar filin da ɗan wasa zai iya kaiwa ya kama ƙwallon da aka bugo. Za a nuna cewa ma'aunin da aka fi sani a wannan fanni, idan aka ɗora shi a kan macafi, ƙwazon majefi yake aunawa. Wannan batu yana da muhimmanci, domin kuwa da irin waɗannan alƙaluma ne ƙungiyoyi ke yanke shawarar wanda za su ɗauka, da wanda za su sallama, da kuma albashin da za su biya.

3.1 Ma'aunin Kuskure

Ana danganta tsarin rubuta sakamakon wasan besbol a jadawali ga Henry Chadwick, wani ɗan jarida haifaffen Ingila, wanda ya fitar da nasa jadawalin a shekarar 1859. Da tafiya ta yi tafiya, sai aka tsaya a kan abubuwa uku da ake rubuta wa mai tsaro. Na farko shi ne fitarwa, wato idan shi da kansa ya kammala fitar da abokin hamayya. Na biyu shi ne taimako, wato idan ya jefa wa abokin wasansa ƙwallo har aka samu fitarwa. Na uku kuma shi ne kuskure. Daga nan sai a haɗa fitarwa da taimako, a raba da jimillar abubuwan uku, abin da ya fito shi ne makin ɗan wasa.

Raunin wannan ma'auni a fili yake. Ba a rubuta wa ɗan wasa kuskure a kan ƙwallon da bai kai gare shi ba. Ke nan mai nauyin jiki da ya tsaya wuri ɗaya zai iya fin mai zafin nama maki, alhali kuwa mai zafin naman ya fi shi amfani ga ƙungiya.

3.2 Ma'aunin Faɗin Tsaro

Don magance wannan rauni ne Bill James, wani manazarci daga jihar Kansas wanda ya fara fitar da littafinsa na shekara-shekara mai suna Baseball Abstract a 1977, ya yaɗa wani ma'auni da ya ajiye kuskure gefe guda. Ga yadda ake lissafa shi:

(fitarwa + taimako) × 9 ÷ yawan zagayen da ɗan wasa ya buga

An sa tara ne saboda cikakken wasa zagaye tara ne, kuma a kowane zagaye ana fitar da mutum uku, wato fitarwa 27 ke nan a wasa ɗaya. Hikimar da ke ciki ita ce, wanda ya fi kaiwa ga ƙwallo shi zai fi tara fitarwa da taimako. Wannan ma'auni ya yi amfani ƙwarai wajen kwatanta masu tsaron tsakiyar fili da na bayan fili, muddin dai matsayi ɗaya suke tsaro.

3.3 Gazawar Ma'aunin a Kan Macafi

A ƙa'idar rubuta sakamako, idan mabugi ya kasa bugun jifa uku na ƙa'ida aka fitar da shi, macafin da ya cafe jifa na ukun ake rubuta wa fitarwar. Wannan ita ake kira fitar jifa uku a wannan nazari. Abin lura a nan shi ne, macafi bai taka ko'ina ba. Yana tsugune inda yake ƙwallo ya faɗo masa cikin safar hannu. Wato dai abin nan ne da Hausawa ke cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alal misali, a ranar 29 ga Afrilu, 1986, majefin ƙungiyar Boston Red Sox, Roger Clemens, ya fitar da mabuga 20 na ƙungiyar Seattle Mariners ta wannan hanya. Macafinsa, Rich Gedman, ya tashi da fitarwa 20 a wannan wasa. Duk wanda ya dubi alƙaluman kawai zai ɗauka Gedman ya karaɗe filin ne gaba ɗaya.

Bugu da ƙari, yawan fitar jifa uku yana sauyawa daga zamani zuwa zamani. A 1980 kowace ƙungiya a babbar gasar MLB tana samun ƙasa da biyar a wasa ɗaya. A 2019 kuwa an samu 42,823 a gasar baki ɗaya, wato kusan tara ga kowace ƙungiya a kowane wasa, ko kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na dukkan fitarwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da Yadier Molina, wanda ya yi ritaya a 2022, ya tara fitarwa sama da 15,000. Wannan bai isa hujjar cewa ya fi Johnny Bench na shekarun 1970 faɗin tsaro ba.

Don ƙarin haske, a ƙaddara akwai macafa biyu, kowannensu ya buga zagaye 1,000. Majefan na farko sun ba shi fitar jifa uku 1,000, shi kuma ya samu fitarwa 60 da taimako 70 da guminsa. Majefan na biyu sun ba shi 750, shi kuma ya samu fitarwa 80 da taimako 90. Ma'aunin zai ba na farko 10.17, na biyu kuma 8.28. Amma idan aka cire rabon majefa, na farko zai koma 1.17, na biyu kuma 1.53. Ke nan wanda ke gaba ya koma baya.

3.4 Ƙoƙarin Tace Alƙaluma

Bisa ga wannan, matakin farko da manazarta ke ɗauka shi ne ɗebe fitar jifa uku. Abin da ya rage ya ƙunshi ƙwallon da ya tashi sama kusa da gida macafi ya kama, da wanda mabugi ya ɗan taɓa da gangan ya gangara gaban gida, da kuma fitar da mai gudu a bakin gida. Sai dai ko bayan wannan tacewa akwai sauran matsaloli guda huɗu:

(i) Wani kaso mai yawa na taimakon macafi daga kama ɓarawon zango yake zuwa, wato mai gudun da ya yi ƙoƙarin tsallakawa zango na gaba ba tare da an bugi ƙwallo ba. Wannan ƙarfin dantse yake nunawa. Daɗin daɗawa, macafin da aka san ƙarfin hannunsa ba a cika gwada shi ba, don haka taimakonsa kan ragu.

(ii) Filaye sun bambanta. Filin Oakland, inda ƙungiyar Athletics ta yi wasa har zuwa 2024, yana da fegi mai faɗi a wajen layi, na Fenway Park da ke Boston kuwa matsattse ne. Ƙwallon da za a kama a Oakland, cikin 'yan kallo zai faɗa a Boston.

(iii) Idan ƙwallo ya tashi sama tsakanin macafi da mai tsaron zango na ɗaya ko na uku, a al'ada macafi ne ke janyewa, domin su sun fi shi ganin ƙwallon sosai.

(iv) Damar da ta rage kaɗan ce, ba ta cika wuce ɗaya ko biyu a wasa ba, saboda haka sa'a tana iya rinjayar sakamakon shekara guda.

Waɗannan dalilai suna taimakawa wajen fahimtar abin da ya sa ma'aunin UZR na Mitchel Lichtman, wanda ke raba fili yanki-yanki, bai haɗa da macafi ba.

3.5 Ma'aunan da Suka Dace da Aikin Macafi

Ganin haka, sai masana suka karkata ga auna ayyukan da macafi ke yi a zahiri, kowanne da ma'auninsa.

Na farko shi ne kason ɓarayin zango da ya kama. Iván Rodríguez, wanda ya ci kyautar Gold Glove sau 13, ya kama kimanin kashi 46 cikin ɗari a tsawon rayuwarsa ta wasa. Amma nan ma akwai hannun majefi, domin idan ya yi jinkirin sakin ƙwallo, mai gudu ya riga ya yi nisa. Haka kuma doka tana tasiri. A 2023 an ƙara girman zango daga inci 15 zuwa 18, an kuma taƙaita yawan jifan da majefi zai yi don tsare mai gudu, sai satar zango ta tashi daga 2,486 a 2022 zuwa 3,503. Na'urar Statcast, wadda aka kafa a dukkan filaye 30 a 2015, ta rage wannan matsala, domin tana auna lokacin da ƙwallo ke ɗauka daga safar macafi zuwa zango na biyu, tazarar ƙafa 127 da 'yan kai. Matsakaicin lokacin kimanin sakan biyu ne.

Na biyu shi ne tare jifan da ya kauce. Marubucin sakamako ne ke yanke hukuncin ko laifin majefi ne ko na macafi. A 1987 an rubuta wa Geno Petralli na Texas Rangers kuɓucewar ƙwallo 35, mafi yawansu kuwa daga jifan Charlie Hough ne, wanda ƙwallonsa ke tafiya yana rawa ba tare da juyawa ba. Shi ya sa ma'aunin Statcast ke la'akari da wahalar kowane jifa kafin ya ba da maki.

Na uku shi ne gyaran jifa, wato yadda macafi ke karɓar ƙwallon da ya biyo ta gefen iyaka cikin natsuwa har alƙalin wasa ya ƙirga shi na ƙa'ida. Bayan da aka kafa na'urar PITCHf/x, Mike Fast ya wallafa wani bincike a 2011 wanda ya nuna cewa José Molina, yayan Yadier, yana sahun gaba a wannan fanni, ko da yake ba gwanin bugu ba ne. A ƙarshen wannan shekara ƙungiyar Tampa Bay Rays ta ɗauke shi. Sai dai a watan Satumba na 2025 an amince cewa daga kakar 2026 majefi ko macafi ko mabugi zai iya ƙalubalantar hukuncin alƙali, na'ura ta raba gardama, abin da kan iya rage darajar wannan gwaninta.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ma'aunin kuskure ba ya hukunta wanda bai kai ga ƙwallo ba, shi kuma ma'aunin faɗin tsaro yana ba macafi ladar aikin majefi. An kuma ga cewa ko an ɗebe fitar jifa uku, abin da ya rage kaɗan ne, kuma girman fili da ƙarfin hannu da al'adar wasa duk sun cuɗanya a ciki. A taƙaice, faɗin tsaro ƙaramin ɓangare ne na aikin macafi, don haka bai kamata a dogara da shi kaɗai wajen yanke masa hukunci ba. A babi na gaba za a duba yadda ake mayar da waɗannan ma'aunai zuwa maki guda, domin a samu damar kwatanta macafi da sauran masu tsaron fili.