Mai hawan jini, kada ka haɗa magani da ka!

Jama'ar Mafaza, ku saurara! Baba, Inna, da duk mai shan maganin hawan jini, da ku nake.

Kaka ta yi, ana yankan riɗi da dawa. Baya ya ƙage, gwiwa ta riƙe. Sai a aiki yaro kasuwa ya sayo diclofenac ko ibuprofen. Wani ma allurar yake so, wai ta fi saurin aiki. Kun san abin da magungunan nan suke yi? Suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Jini ya ƙara hawa, maganin da likita ya ba ka ya rasa ƙarfi.

Abin bai tsaya nan ba. Kana shan lisinopril ko losartan? An haɗa maka da ƙwayar sa fitsari? To, ka ɗora diclofenac a kai, ka yini a gona kana zufa, ruwan sha kaɗan. Wallahi ƙodarka kake kashewa! Ƙoda ba ta ihu, sai ta lalace ake sani. A ina za ka yi wankin ƙoda? Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 asibitoci da dama sun rufe, masu gudun hijira kuma sun yi wa na Gadarif yawa. Da wane kuɗi za ka je?

Ka duba jikinka yau. Ƙafa ta kumbura, takalmi ya matse? Fuska na kumbura da safe? Fitsari ya ragu? Jiri na ɗibarka in ka miƙe? Me kake jira?

Inna, rage kanwa a kunu da miya, tana hawar da jini kamar gishiri. Maza, ku ji wannan da kyau: mai sa ƙwayar ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe, in ya sha sildenafil, maganin ƙarfin maza, jininsa na iya faɗuwa nan take, ya yanke jiki ya faɗi.

Kada ka daina maganin hawan jininka, shanyewar ɓarin jiki na nan tafe ga mai dainawa. Ciwon jiki ya dame ka? Sha paracetamol yadda aka ƙayyade. Sannan ka tattara duk abin da kake sha, na asibiti, na kasuwa, har saiwa da jiƙo, ka zuba a leda. Kai wa likita ko mai kantin magani ya duba, a auna jininka. Don Allah, yau ɗin nan, kada ka ce sai an gama girbi.