Kashin yawo: Ɗan tsiron da ke ba da labarin lalacewar makiyayarmu

Duk wanda ya ratsa bayan gari da kaka, ko ya bi burtali bayan ɗaukewar ruwa, ya san kashin yawo, ko da bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Shi ne tsiron nan mai gashi-gashi wanda 'ya'yansa ke maƙale wa gefen wando, da jelar saniya, da gashin tunkiya. Manomi na tsine masa, makiyayi na kauce masa. Ni kuwa, a matsayina na malamin jami'a da ke koyar da ilimin tsirrai, ina ganin ya kamata mu saurare shi tukuna, domin akwai abin da yake gaya mana game da ƙasarmu.

Masana na kiransa Acanthospermum hispidum, sunan da masanin tsirrai de Candolle na ƙasar Suwizalan ya ba shi a 1836. Danginsa na cikin mafi girma a duniyar tsirrai, da nau'o'i sama da 20,000, kuma mun san wasunsu sarai: shuwaka, da latas, da tazargade. Alamar dangin ita ce abin da ido ke ɗauka fure guda, alhali taron ƙananan furanni ne a kai ɗaya. Na kashin yawo ƙanana ne, rawaya-rawaya, suna zaune a daidai inda reshe ya rabu biyu. Damina ɗaya ce tsawon rayuwarsa. Yakan fito da ruwan farko, da wuya ya kai mita guda, ya yi fure, ya zubar da iri, ya bushe.

Hikimar tana ga irin. Kowane kai yakan fitar da 'ya'ya biyar zuwa goma, a jere kamar tauraro. Kowannensu na da dogayen ƙayoyi biyu a baki, ga kuma ƙananan ƙugiyoyi a jiki. Da yawa daga cikin danginsa iska ce ke ɗaukar irinsu, shi kuwa dabba da mutum ya riƙa a matsayin abin hawa. Asalinsa ma ba nan ba ne. Daga yankin Amurka ta Kudu ya fito, ya bazu zuwa Afirka da Indiya da Ostareliya. Bahaushen da ya sa kalmar yawo a sunansa ya lura da halinsa da kyau.

Sai dai kada a haɗa shi da ƙarangiya don kawai dukansu suna da ƙaya. Ƙarangiya ciyawa ce ta gida, dangin gero, dabbobi na cin ta tana ɗanya, kuma mutanen Sahel sun sha cin ƙwayarta a shekarun yunwa. Kashin yawo kuwa dabbobi ƙyamarsa suke yi, ƙayarsa kuma na raunata ƙafafunsu, tana ɓata gashin tumaki. A gonar gyaɗa da ta auduga yana gasa da amfanin gona wajen ruwa da taki, sannan ya wahalar da masu girbi.

Tambayar da nake yi wa ɗalibaina ita ce: a ina ake samunsa da yawa? Amsar ba ta canzawa. Bakin mashaya, tsohon mashekari, gefen kasuwar dabbobi, bakin hanya, da burtalin da gonaki suka matse. Wato duk inda kofato ya tattake ƙasa, baki ya cinye ciyawa har saiwa. Irinsa na son fili tsirara mai hasken rana. Inda gamba da kyasuwa suka rufe ƙasa, ba ya samun sakewa. Idan dabbobi suka yi yawa a ɗan wuri, sukan cinye ciyawa mai daɗi kafin ta zubar da iri, su bar wanda ba sa so ya hayayyafa. Baɗi sai ya ƙaru, ciyawar kirki ta ragu, dabbobin su ƙara matsa wa ragowar. Haka tafasa da garmani ke mamaye makiyaya a arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Saboda haka nake cewa kashin yawo shaida ne kafin ya zama mai laifi. Mai neman sanin halin da makiyaya ke ciki ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ya dubi abin da ya tsiro. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma da yawansu noma da gine-gine sun cinye su, burtulan da ke haɗa su sun tsuke. Muna yawan tattauna rikicin manoma da makiyaya bayan an zubar da jini, alhali ƙasar ta daɗe tana ba da sanarwa ta bakin irin waɗannan tsirrai.

To, mene ne abin yi? A gona, a nome shi kafin ya yi fure, domin irin da ya faɗi ƙasa na iya jiran wasu shekaru kafin ya tsiro. Ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya kuwa a tara a ƙone, kada a zuba ta cikin taki. A makiyaya, feshi kaɗai ba zai yi magani ba, don filin da aka bari tsirara wani baƙon zai sake hawa. Abin da ake bukata shi ne hutar da sashen fili damina ɗaya ko biyu, a watsa irin gamba da kyasuwa, a kuma buɗe burtulan da aka toshe don nauyi ya rarrabu. Wannan aiki ne na ƙananan hukumomi, da masu unguwanni, da arɗo-arɗo tare.

Mu ma malaman jami'a akwai namu. Tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi. Yau ɗalibi kan haddace sunan Latin ya kasa nuna tsiron a bayan ajinsa. Mu fitar da su daji tare da dattawan makiyaya, su rubuta abin da ke ƙaruwa da abin da ke ɓacewa a kowace gunduma, shekara bayan shekara. Da irin wannan lissafi ne hukuma za ta san makiyayar da ke bukatar hutu tun ba ta mutu ba.