Garuruwa masu suna iri ɗaya a ƙasar Hausa

Garuruwa masu suna iri ɗaya, ko garuruwa takwarorin juna, su ne garuruwa da ƙauyuka da unguwanni mabambanta waɗanda ake kira ko ake rubutawa da suna guda. Abin ya yawaita a ƙasar Hausa, a Najeriya da Nijar. Sunaye irin su Sabon Gari, Tudun Wada, Sabon Birni, Nasarawa, Kagara da Illela, kowannensu na wuri fiye da ɗaya ne. Takwarantakar iri biyu ce. Akwai ta ainihi, inda kalma ɗaya ce aka raɗa wa wurare da dama. Akwai kuma wadda rubutu ya haifar, inda sunaye biyu da suka bambanta a baki suka koma iri ɗaya, ko kusan iri ɗaya, a kan takarda. Iri na biyun ba Hausa kaɗai ya shafa ba, domin a ƙasar Sin ma sunayen birane da yawa sun haɗe da juna tun da aka fara rubuta su da haruffan boko.

Misali daga kudancin jihar Sakkwato

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suna kudancin jihar Sakkwato, kuma mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya, wato mazaɓar Kebbe da Tambuwal. A wannan ɗan yanki kaɗai ana samun iri biyun duka.

Daga cikin mazaɓun Tambuwal akwai wadda ake kira Bakaya da Sabon Birni. Wannan Sabon Birnin ba shi ne wanda aka fi sani ba. Wanda aka fi sani yana can gabashin jihar, a ƙasar Gobir kusa da iyakar Nijar, kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Sabon Birni. Haka nan akwai mazaɓar Jabo da Kagara a Tambuwal, alhali Kagarar da sunanta ya zagaye duniya a watan Fabrairun 2021, lokacin da 'yan bindiga suka sace ɗaliban kwalejin kimiyya ta gwamnati, tana jihar Neja ne, ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Rafi.

Kebbe kuwa matsalarta daban ce. Harafi ɗaya ne ya raba sunanta da na Kebbi a rubuce, ga shi kuma ƙaramar hukumar tana iyaka da jihar Kebbi ɗin kanta, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agustan 1991. Mai karatun da bai san yankin ba yana iya ɗaukar "Kebbe" a matsayin kuskuren bugu, ya gyara shi zuwa "Kebbi", ya raba gari da jiharsa ba tare da ya sani ba. A tsohon bakin Hausa babu wannan ruɗani, domin sunan daular da Kanta ya kafa a ƙarni na 16 Kabi ne, mutanenta Kabawa, sarkinsu Sarkin Kabi. "Kebbi" salon rubutun Turawa ne da ya zauna a takardun hukuma har ya shigo cikin rubutun Hausa. Ke nan kamannin Kebbe da Kebbi a takarda ya fi kamanninsu a tarihin harshe.

Dalilan maimaituwar suna

Mafi yawan sunayen garuruwan Hausa kalmomi ne na yau da kullum da ke bayyana irin mazaunin ko yanayin ƙasar: birni, gari, ƙauye, tunga, zango, ruga, gida, unguwa, mararraba, dutse, tudu, fadama, rafi, daji. Tun da duwatsu da tuddai da dazuzzuka suna ko'ina, ba mamaki suna ya faɗo bakin mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba. Dutse babban birnin jihar Jigawa ne, Dutsi ƙaramar hukuma ce a jihar Katsina, akwai Dutsen Alhaji a Abuja, akwai Dogon Dutse a jihar Doso ta Nijar. Dogon Daji na Tambuwal da Dogon Dawa na ƙasar Birnin Gwari ma'anarsu kusan ɗaya ce.

Kalmar "sabo" ta fi kowace haihuwar takwarori. Duk inda jama'a suka tashi daga tsohon mazauni suka kafa wani, sunan da ya fi kusa da baki shi ne Sabon Gari ko Sabon Birni, kuma sunan ba ya tsufa ko da garin ya shekara ɗari. Gobirawa ne suka kafa Sabon Birnin gabashin Sakkwato a ƙarni na 19, bayan da birninsu na Alƙalawa ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Mulkin mallaka ya ƙara yawan irin wannan suna. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa sun keɓe wa baƙin da suka zo daga kudancin Najeriya unguwa a bayan ganuwa, aka kira ta Sabon Gari, aka kuma yi haka a Zariya da wasu biranen. Yau Sabon Gari ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta a jihar Kaduna, kuma unguwa ce a Kano, ban da ɗimbin ƙauyukan da ke amsa sunan.

Akwai sunayen fata, waɗanda ake raɗawa don neman alheri. Tudun Wada na nuni da wadata, Nasarawa da nasara. Tudun Wada ƙaramar hukuma ce a jihar Kano, unguwa ce a Zariya da Kaduna da Gusau da Jos da cikin garin Sakkwato. Nasarawa kuma jiha ce tun 1996, ƙaramar hukuma ce a cikin jihar, sannan ƙaramar hukuma ce a birnin Kano.

Ƙaura da fatauci su ma suna ɗaukar suna su kai shi nesa. Zango, masaukin ayari, ya bar sunansa a Zangon Daura da Zangon Katab, ya bi Hausawa har Gana, inda unguwannin baƙi Musulmi ke amsa sunan zango, kamar Sabon Zango a birnin Akara. Sarauta ma haka take tafiya da masu ita: Sarkin Kabi yana Argungu, amma akwai Sarkin Kabin Yabo a maƙwabtan Tambuwal, kamar yadda ake da Sarkin Gobir a Gwadabawa da Isa, da Sarkin Katsina a Maraɗi.

Yadda masu magana ke rarrabewa

Hausa tana da hanyarta ta warware takwarantaka ta ainihi, wato harafin -n ko -r da ke ɗaure suna da wani sunan. Namijin suna yana ɗaukar -n, tamata mai ƙarewa da -a tana ɗaukar -r. Da wannan ɗan harafi ake jingina gari ga wanda ya kafa shi, ko ƙasar da yake ciki, ko babban garin da ke kusa. Shi ya sa "birni" bai taɓa ruɗa kowa ba duk da yawansa: Birnin Kebbi, Birnin Kudu, Birnin Gwari, Birnin Magaji, Birnin Ƙonni. Ana cewa Sabon Birnin Gobir, Sabon Garin Zariya, Tudun Wadar Ɗankadai, Ƙauran Namoda, Talatar Mafara. A Tambuwal akwai Romon Sarki. Tungayen da ke warwatse a Sakkwato da Kebbi da Zamfara galibi da sunan mai tungar ake kiran su, haka gidaje, kamar Gidan Madi, hedikwatar ƙaramar hukumar Tangaza.

Wannan jela ba kullum ake furta ta ba. Mutumin Jabo da ya ce zai je Kagara ba ya bukatar ƙarin bayani, domin wadda ke kusa da shi yake nufi, kuma mai sauraronsa ya san haka. Sai magana ta yi nisa da gida, ta shiga tashar mota ta wani gari ko labaran rediyo ko takardar makaranta, sannan ake bukatar jelar. Abin lura shi ne a daidai nan ne takardun hukuma suka fi yanke ta, su rubuta "Sabon Birni" ko "Tudun Wada" tsurarsa, wani lokaci ma a taƙaice, S/Birni da T/Wada.

Abin da rubutun boko ke zubarwa

Hausa harshe ne mai karin sauti, yana da na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, kuma yana bambanta dogon wasali da gajere. Daidaitaccen rubutun boko ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Kalmar "gari" kanta misali ce: idan wasalin farko gajere ne, mazaunin mutane ake nufi, idan dogo ne, garin tuwo. "Gada" ta daji da "gada" ta tsallake ruwa rubutunsu ɗaya, furucinsu daban. A cikin jimla ma'ana takan fito daga abin da ke kewaye da kalmar, amma sunan gari a kan taswira ko allon hanya ba shi da jimla. Baƙon da ya ga sunan ƙaramar hukumar Gada a rubuce ba shi da hanyar sanin yadda mutanen garin ke faɗinsa sai ya ji daga bakinsu. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun yi wa kalmomi alamun furuci, ajami ma yana nuna tsawon wasali, amma rubutun yau da kullum bai ɗauki ko ɗaya ba.

Asara ta biyu ita ce ta haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun Hausa a shekarun 1930. Takardun Turanci ba sa amfani da su, don haka Ƙanƙara ta zama Kankara, Maraɗi ta zama Maradi, Ɗanja ta zama Danja. Ga mai jin Hausa, k da ƙ baƙaƙe biyu ne da suka raba kura da ƙura.

Ta uku ita ce iyakar Najeriya da Nijar, inda harshe ɗaya ya faɗa hannun salon rubutu biyu. Faransawa sun rubuta Tasawa a matsayin Tessaoua, Madawa a matsayin Madaoua, Tawa a matsayin Tahoua, Dogon Dutse a matsayin Dogondoutchi. A nan rubutu yakan yi akasin haɗewa, ya raba abin da yake ɗaya, har mai bincike ya kasa gane cewa "doutchi" da "dutse" kalma guda ce a kare-karen harshe biyu. Illela kuwa ta tsallake salon biyu kusan ba canji: akwai Illela ta jihar Sakkwato a bakin iyaka daura da Birnin Ƙonni, akwai Illéla ta jihar Tawa a arewa da Ƙonni. Gari ɗaya ma yakan samu rubutu fiye da ɗaya, kamar Tambuwal da tsofaffin taswirori ke rubutawa Tambawel.

Kwatanci da ƙasar Sin

A rubutun Sinanci kowace gaɓa tana da alamarta mai ɗauke da ma'ana, saboda haka gaɓoɓi biyu masu sauti ɗaya sukan bambanta a ido. Tsarin Pinyin, wanda gwamnatin Sin ta amince da shi a 1958 don rubuta harshen da haruffan boko, yana da alamomin karin sauti huɗu na Mandarin, amma a taswirori da jaridun ƙasashen waje akan zubar da su. Sakamakon haka birane mabambanta suka zama takwarori. Akwai Suzhou a lardin Jiangsu (苏州) da Suzhou a lardin Anhui (宿州), Fuzhou a Fujian da Fuzhou a Jiangxi, Taizhou a Zhejiang da Taizhou a Jiangsu, Yulin a Shaanxi da Yulin a Guangxi. Basine da ke karanta rubutunsa na gado ba ya ganin takwarantaka a waɗannan sunaye ko kaɗan.

Misalin da ya fi shahara shi ne na larduna biyu maƙwabtan juna, Shanxi mai babban birni Taiyuan da Shaanxi mai babban birni Xi'an. Karin sautin gaɓar farko ne kawai ya raba su, kuma da an bi Pinyin marar alama, da dukansu "Shanxi" za a rubuta. Sai hukuma ta ninka wasalin na biyun. Yanayinsu ya yi kama da na Kebbe da Kebbi, maƙwabta biyu da harafi ɗaya ya tsaya a tsakaninsu. Bambancin shi ne Sin tana da rubutun asali da za a koma a duba, Hausa kuwa bokon da ke zubar da karin sautin shi ne babban rubutunta a yau.

A takardun hukuma

Daga cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya akwai sunaye shida da kowanne ya fito sau biyu: Nasarawa a jihohin Kano da Nasarawa, Obi a Binuwai da Nasarawa, Bassa a Kogi da Filato, Surulere a Legas da Oyo, sai Ifelodun da Irepodun waɗanda kowannensu yake Kwara da Osun. Wasu takardun sukan rubuta ta Kano da s biyu, Nassarawa, dabarar da ta yi daidai da ta Shaanxi, sai dai ba kowa ke bin ta ba. A matakin ƙauye maimaituwar ta fi haka nesa ba kusa ba.

Lamarin yana da nauyi a wuraren da kuskure ke da tsada: takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma da ake nema wajen shiga makaranta ko ɗaukar aiki, rabon kayan agaji da na rigakafi, da rahotannin tsaro, inda sunan ƙauye ba tare da ƙaramar hukumarsa ba zai iya tayar da hankalin dangin mutanen wani gari daban. Al'adar ɗaukar sunan gari a matsayin sunan mutum, kamar Shehu Shagari ko Aminu Waziri Tambuwal, tana aiki sarai idan garin ba shi da takwara, amma "Sabon Birni" ko "Tudun Wada" a ƙarshen sunan ɗalibi ba ya faɗin ko jiharsa.

Hukumomi sukan kauce wa suna su koma ga lamba. Lambar gidan waya a Najeriya, kamar ta Sin, alƙaluma shida ce. Hukumar zaɓe ta INEC tana ba kowace rumfar zaɓe lamba mai kashi huɗu, na jiha da na ƙaramar hukuma da na mazaɓa da na rumfar kanta. Lambar jihar Sakkwato ita ce 33, don haka Sabon Birnin Tambuwal da Sabon Birnin Gobir duka da 33 suke farawa, sai a kashi na biyu suke rabuwa.